Tarakta Ƙirar Bana: Nasiha ga Matasa Masu Shirin Saye



A 'yan shekarun nan, duk inda matasa manoma suka haɗu ba a daɗewa sai zance ya gangaro kan tarakta. Wasu sun haɗa ƙungiya suna tara kuɗi, wasu suna zarya a banki, wasu kuma gidan gado ne a birni suke tunanin sayarwa su saya. Ban ga laifinku ba. Duk wanda ya taɓa bin mai tantan da roƙo a farkon damina, ya biya kuɗin haro tun ruwa bai sauka ba, sannan ya zauna yana kallon gonar maƙwabci ta yi tsiro tasa ko huɗa ba a yi ba, dole ya so ya mallaki tasa. Sai dai na lura da irin hotunan da kuke tura wa juna a waya: tarakta mai ɗakin gilashi da na'urar sanyaya iska, ga allo irin na kwamfuta a gefen sitiyari, dillali yana rantsuwa cewa fitowarta ke nan daga kamfani. Wannan ɗoki na sabuwar ƙira shi ne nake so mu zauna a kansa kafin wani ya zuba dukiyarsa.

Tarakta ba ta rayuwa ita kaɗai. Abin da ke riƙe ta a gona shekara goma ko ashirin shi ne yawan irinta a yankin da take aiki, da kayan gyaranta a kan kantar mai shago, da bakaniken da ya sha kwance irinta har hannunsa ya haddace ta. Duk lokacin da kamfani ya sauya ƙira, sai an sake gina waɗannan tun daga tushe, kuma daga aljihun mai saye ake ginin.

Al'adar fito da sabuwar ƙira duk shekara ba a gona aka haife ta ba. A kasuwar motoci ta Amurka ta samo asali, a shekarun 1920. Henry Ford ya yi daga 1908 zuwa 1927 yana ƙera mota iri ɗaya, Model T, yana ta rage mata farashi. Sai Alfred Sloan na kamfanin General Motors ya ɓullo ta wata hanya: a riƙa sauya wa mota fasali kowace shekara, domin wanda ya sayi ta bara ya ji tasa ta tsufa ko da lafiyarta lau. Dabarar ta ci kasuwa, har shi kansa Ford bai ga ta zama ba. Masu ƙera tarakta ba su kai masu mota gaggawa ba, amma sun ɗebi rabonsu. Lamba ta sauya, fuska ta sauya, fitilu su koma wani wuri, a ƙara ɗan wani abu, a ɗaga farashi. To ita mota ana iya sayenta don ido da alfahari. Tarakta kuwa ma'aikaciya ce, kuma babu manomin da zai ƙara maka ko naira ɗaya a kuɗin eka don fitilunta sun fi na bara kyau.

Wajen inganci aka fi ruɗar mutane, domin kowa na ɗauka cewa abin da ya zo daga baya dole ya fi na gabansa. Injiniyoyi sun san ba haka abin yake ba. Sabuwar ƙira takan fito ɗauke da cututtukan da ko masu ita ba su san da su ba, sai ta yi dubban awoyi a ƙasa mai tauri da ƙura da zafi sannan su bayyana. Wanda ya sayi fitowar farko, shi ne ɗakin gwajin kamfani, kuma da kuɗinsa.

Akwai labarin da har yau manoman Amurka ba su manta ba. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce, International Harvester shi ne zakaran kamfanonin tarakta a can, jajayen taraktocinsa na Farmall sun cika gonaki. A 1958 ya fito da sabuwar ƙira mai lamba 560, da sabon inji mai silinda shida, mai ƙarfi sosai. Amma saboda saurin shiga kasuwa, sai aka ɗora wannan inji a kan giyoyin baya waɗanda asalin zanensu na tsohuwar Farmall M ne ta 1939, da ba a yi su don ɗaukar irin wannan ƙarfi ba. Da aka shiga aiki mai nauyi, sai giyoyin da ke juya ƙafafun baya suka riƙa lalacewa. A 1959 kamfanin ya kashe miliyoyin daloli yana bin taraktocin da ya riga ya sayar yana sauya musu kayan ciki. An gyara ƙarfe, amma ba a iya gyara zukatan manoman da suka rasa lokacin aiki ba. Ana cikin haka, a ƙarshen watan Agustan 1960, John Deere ya tara dillalansa a birnin Dallas ya nuna musu sababbin taraktocin da ya shafe kimanin shekara bakwai yana zanawa da gwadawa a asirce. Zuwa 1963 ya sha gaban International Harvester, kuma bai sake ba da wannan matsayi ba. Shi kuwa tsohon zakaran, a tsakiyar shekarun 1980 aka sayar da sashensa na kayan noma aka haɗe shi da kamfanin Case.

Ku dubi labarin ta fuska biyu. Duka kamfanonin sabon abu suka kawo. Ɗaya ya kawo shi don kada a riga shi kasuwa, ɗayan ya kawo shi bayan ya nuna. Saboda haka ba sabuntawa nake suka ba. Abin da nake tsoro shi ne sauyin da ke zuwa a kai a kai, wanda ba ya bari ƙira ta zauna har a gano laifinta a gyara, a sake ganowa a sake gyarawa. Tarakta ƙirar 4020 da John Deere ya fitar daga zuriyar waɗancan, ya ci gaba da ƙera ta har 1972, kuma har gobe ana noma da ita.

Idan kuka bi taraktocin da suka yi suna a duniya, za ku tarar duk masu daɗewa ne a kan ƙira ɗaya. 'Yar ƙaramar Ferguson mai ruwan toka, wadda Harry Ferguson ya sa aka riƙa ƙerawa a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956, an yi fiye da rabin miliyan nata. Massey Ferguson 135, mai injin Perkins silinda uku, ta fito a 1964, an yi ta fiye da shekara goma, kuma har yanzu ana ganinta tana jan tirela a ƙauyukan Afirka. Kamfanin Minsk na ƙasar Belarus yana ƙera MTZ-82 tun 1974. Ita kuma wadda kuka fi sani, Massey Ferguson 375 mai ƙarfin doki 75, danginta sun fito ne a Ingila a 1986. Masana'antar Coventry ta daina ƙera tarakta tun 2002, amma kamfanin Millat da ke Lahore a Pakistan bai daina yin 375 da 385 da 240 ba. Shi ya sa yau idan kulocin 375 ya ƙone a Saminaka ko Dandume ko Kura, ba a rasa wanda zai kwance, kuma ba a rasa inda za a samo sabo kafin rana ta faɗi. Ba don ta fi kowace tarakta a duniya ba ne. Yawanta ne ya sa 'yan kasuwa suka ga riba a ajiye kayanta, yaran gareji suka koyi aiki a kanta, maƙeran Panteka suka san awon abin da za su ƙera mata, kuma wadda ta mutu ta zama rumbun kayan gyara ga masu rai.

Daga nan darajar kuɗi take fitowa. Mai sayen tarakta ta hannu ba abin da ta yi a baya yake saye ba, ragowar aikin da zai iya tatsa daga jikinta yake saye. Idan ya san duk abin da ya lalace zai samu a Ƙofar Ruwa, zai taya da kyau. Idan kuwa ƙirar ta yi shekara uku kacal a kasuwa aka maye gurbinta, kamfani ya koma kan wata, dillali ya daina odar kayanta, to kuɗin ƙarfe zai taya, ko da fentinta na sheƙi. Sau nawa ake ganin tarakta mai tsada an jingine ta a kan duwatsu saboda wani ɗan abu da bai fi tafin hannu ba?

Kada ku ɗauka wannan matsalar talaka ce kawai. A Amurka, inda dillali ke kusa kuma hanya ke da kyau, jaridar Star Tribune ta jihar Minnesota ta ba da rahoto a watan Janairun 2020 cewa manoma na rububin taraktocin ƙarshen shekarun 1970 da na 1980 a wuraren gwanjo, suna ɗaga musu farashi. Irin su John Deere 4440, da aka ƙera daga 1978 zuwa 1982, sun koma abin nema. Manomin da ke da hanyar samun bashi mai sauƙi ya tsallake sabuwa ya sayi mai shekara arba'in, saboda ita ce zai iya gyarawa da sifana a rumfarsa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Me ya kai su ga haka? Wani ɓangare na sauyin ƙira a can doka ce ta tilasta shi. Tun 1996 gwamnatin Amurka ta fara ƙayyade hayaƙin da injin dizal na gona zai fitar, tana tsanantawa mataki-mataki har zuwa wajajen 2015, Turai ma ta bi irin wannan hanya da nata matakan. Kowane mataki sai an sake zanen inji. Aka cire tsohon famfon mai da bakanike ke saitawa da hannu, aka sa wanda kwamfuta ke sarrafawa. Aka ƙara tukunyar tace hayaƙi a salansa. Aka ƙara wani tanki daban na ruwan yuriya, ita dai yuriyar da kuka sani ta taki amma tatacciya, da ake fesawa cikin hayaƙi, wanda idan ya ƙare kwamfutar da kanta za ta rage wa inji ƙarfi. Manufar mai kyau ce, hayaƙin dizal na cutar da huhu. Amma kowane ƙari ya zo da wayoyinsa da na'urorinsa masu sa ido, kuma kowannensu sabuwar ƙofa ce ta lalacewa.

Sai kuma batun mabuɗi. Tarakta ta tsaya a tsakiyar gona, allo ya nuna wata lamba, amma manhajar da za ta fassara lambar ta kuma amince da sabon kayan da aka sa tana hannun dillalin kamfani kaɗai. Rigimar ta yi tsanani har wasu manoman Amurka suka koma sayen manhajar sata daga Gabashin Turai don su gyara abin da suka saya da guminsu. A watan Janairun 2023 John Deere ya sa hannu a wata yarjejeniya da babbar ƙungiyar manoman ƙasar kan ba su damar gyara. A shekarar ce jihar Colorado ta yi dokar da ta wajabta wa kamfanoni su ba manomi kayan aiki da manhajar gyara. A watan Janairun 2025 kuma hukumar kula da cinikayya ta gwamnatin tarayyar Amurka ta kai John Deere kotu a kan wannan batu. Wani abin da ya faru a 2022 ya isa ya nuna muku inda aka kai: sojojin Rasha sun kwashe injinan John Deere daga wani shagon dillali a Melitopol ta Yukiren suka kai Chechnya, da suka je tayarwa sai suka tarar an kulle su daga nesa. Mutane sun yi dariyar ɓarayi, kuma sun cancanci dariya. Amma mai hankali ya tambayi kansa, wa ke da tarakta a haƙiƙa, wanda ya biya kuɗi ko wanda ke iya kashe ta daga ofishinsa?

Yanzu ku ɗauko irin wannan tarakta, sabuwa ko ta hannu daga Turai, ku sauke ta a ƙasarmu. An yi injinta ne don dizal ɗin da farar wutar cikinsa ba ta wuce kashi 10 ko 15 cikin miliyan ba. A 2016 wata ƙungiya ta Suwizalan mai suna Public Eye ta auna man da ake sayarwa a wasu ƙasashen Afirka, ta tarar da wanda ya ninka ƙa'idar Turai sau ɗaruruwa. An ɗan gyara doka tun daga lokacin, amma ku da kanku kun san gas ɗin da ake kai wa gona: daga jarka zuwa jarka, wani da ruwa, wani an sirka shi da kalanzir, ga ƙurar bazara. Tsohon famfo yakan haɗiye wannan ya yi tari ya ci gaba. Sabon nozul ɗin da kwamfuta ke buɗewa, ɗigon ruwa kaɗan ya ishe shi, kuma kuɗin saiti ɗaya na iya cinye ribar damina. Kamar saniyar Turai ce aka kai ruga: a takarda ta fi bunaji nono nesa ba kusa ba, amma sai an yi mata rumfa da likita da abinci na musamman, ita kuwa bunaji ta ci ƙaiƙayi ta kwana a fili. Su kansu kamfanonin sun san da haka, shi ya sa John Deere ke ƙera masu sauƙin inji a Pune ta Indiya don kasuwanni irin namu, haka New Holland da Mahindra da sauransu suke da nasu marasa tarkace.

Mu a nan, ba ma kamfanoni ne suka fi sauya mana ƙira ba. Gwamnatoci ne. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 an kafa masana'antar harhaɗa Steyr a Bauchi da ta Fiat a Kano, kuma da an daure a kansu, da yanzu muna da zuriya biyu ta bakanikai da kasuwar kayan gyara da ta kafu. Ba a daure ba. Tun daga nan kowace gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, da inda take zuwa sayayya: wannan Indiya, waccan Sin, wata Brazil, wata Gabashin Turai. A jera su a fili, a yanka kyalle, a raba. Bayan damina biyu ko uku sai ka shiga harabar ma'aikatar gona ka tarar da su sahu-sahu, kowane sahu da launinsa da zamanin gwamnan da ya kawo shi, ciyawa ta fito ta cikin sitiyari. Mafi yawansu ba tsufa ya kashe su ba, maraici ne. A watan Yunin 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da taraktoci 2,000 daga Belarus. Ƙirar ƙasar an san ta da sauƙi da juriya, wannan abin a yaba ne. Abin da zai yanke hukunci a kansu shi ne ko nan da shekara biyar mai shago a Funtuwa zai miƙo maka boris ɗinta ba tare da ya ce ka dawo wani mako ba.

Wannan ciwo wasu sun yi maganinsa tun shekara ɗari da suka wuce. Wani manomi a jihar Nebraska, Wilmot Crozier, ya sayi tarakta mai suna Ford, ashe ba ta Henry Ford ba ce, wani kamfani ne a Minneapolis ya samo wani mutum mai wannan suna ya fake da shi. Tarakta ta ƙi aiki. Da Crozier ya shiga majalisar jiha, sai ya kawo ƙudurin da ya zama doka a 1919: ba za a sayar da kowace ƙirar tarakta a Nebraska ba sai jami'ar jihar ta gwada ta ta tabbatar da ƙarfin da aka ce tana da shi, kuma sai kamfanin ya tanadi wurin gyara da kayan gyara a cikin jihar. Aka fara gwaji a 1920, kuma har yau ana yi. Mu ma muna da cibiyar injinan noma ta ƙasa a Ilorin da aka ɗora wa alhakin gwaji. Rabi na biyu na dokar Crozier, wato tilasta kayan gyara, shi ne abin da nake so ku riƙa tambayar 'yan majalisarku a kansa duk lokacin da aka yi bikin raba taraktoci.

Bari mu zo kan lissafi, domin a nan ne ƙungiyoyin matasa suka fi watsewa. Yawancinku gas da kuɗin direba da juye kawai kuke ƙirgawa, abin da ya rage ku kira shi riba. Babban kuɗin da tarakta ke ci ba a ganinsa, domin ba kullum ake zaro shi daga aljihu ba, wato raguwar darajarta. Ga misali, lambobin nawa ne, ku sa naku. Ka sayi tarakta naira miliyan 40, ka yi shekara takwas da ita, ka sayar miliyan 16. Ta ci miliyan 24, wato miliyan 3 duk shekara. Idan tana yin awa 500 a shekara, kowace awa ta ci naira 6,000 tun ba a zuba mata mai ba. Ga wata kuma a kan farashi ɗaya, amma ƙirar da aka daina yayinta, bayan shekara takwas da ƙyar aka taya miliyan 6. Ta ci miliyan 34, sama da miliyan 4 a shekara. Kuma tun da takan kwanta jiran kaya, awa 350 kawai take samu. Kowace awa tata ta haura naira 12,000. Ninki biyu ke nan, alhali kuɗin eka iri ɗaya manomi zai biya ku duka.

Ku yi hattara da wani ruɗi da faɗuwar naira ta kawo. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi tarakta kafin nan sai ya ga ana taya ta fiye da yadda ya saya, ya ɗauka ya ci riba. Bai ci ba, sai ranar da ya je sayen madadinta zai gane. Ku riƙa auna darajar taku da farashin sabuwa na ranar: rabi ce, ko sulusi? Wanda ya ci bashi kuwa nasa ya fi nauyi, domin a ƙarshen 2024 kuɗin ruwan da Babban Bankin Najeriya ya tsayar ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuma sama da haka suke ba da rance. Bashi ba ya sanin tarakta na kwance.

Gyara ma ba ƙaramin abu ba ne. Ƙungiyar injiniyoyin aikin gona ta Amurka na ƙiyasta rayuwar tarakta mai jan ƙafa biyu a kan awa 12,000, kuma kuɗin gyaran da za ta ci a tsawon wannan rayuwa ya kusa daidai da farashinta sabuwa. Wato duk wanda ya sayi tarakta ɗaya, biyu zai biya. Tambayar ita ce ta biyun da naira za ka biya ta a kasuwar garinku, ko da dala ta jirgin sama. Sannan ga asarar da ba ta shiga littafi. Lokacin gyaran gona a ƙasarmu 'yan makonni ne. Mako biyu na kwanciya a watan Janairu hutu ne, mako biyu a watan Yuni kuwa rabin cinikin shekara ne, haɗe da manoman da suka ba ka kuɗinsu suka yarda da kai, waɗanda baɗi wani za su nema.

Kada wani ya ce na ce a guji duk wani ci gaba. Akwai sauye-sauyen da suka cancanci kuɗinsu. Tarakta mai jan ƙafa huɗu ta fi dacewa da laka ta fadamar shinkafa. Sitiyarin da mai ke juyawa yana rage wa direba gajiya, direban da bai gaji ba kuma ba ya karya kaya. Ƙarfen kariya da ke hana tarakta danne mutum idan ta kife ya ceci rayuka da yawa, kuma ni ba zan sa ɗan wani a kan wadda ba ta da shi ba. 'Yar na'urar da ke nuna maka a waya inda tarakta take da yawan ekar da ta yi, irin wadda Hello Tractor ya yaɗa tun bayan kafa shi a 2014, tana toshe ƙofar ha'inci, kuma ana iya manna ta a tsohuwar ƙira. Ma'aunin shi ne, wannan ƙarin zai ƙara min eka ko ya rage min gas ko ya kare rai? Idan ya lalace, tarakta za ta ci gaba da aiki ko za ta tsaya cak?

Haka kuma tsohuwar ƙira tana da nata tarkon. Sunan da ya karɓu shi ake yi wa jabu. Akwai masu tattara gawarwaki su haɗa, su fesa jan fenti, su manna sabuwar lamba, su mayar da agogon awa baya. Akwai filta da ringi da boris na bogi a kwali mai kama da na asali, masu araha, waɗanda ke kai inji ga bugawa. Kada ka je saye kai kaɗai, kuma kada ka je da bakaniken da dillali ya kawo. Ka sa a tayar da ita da sanyin safiya, ka duba hayaƙinta, a ɗaura mata garma ta ɗaga ta riƙe, a shiga da ita gona ta yi aiki har ta ɗauki zafi. Idan kuma sabuwa ce fil, ka tambayi shekarar da aka fara ƙera wannan lambar, ba shekarar da aka ƙera wannan ɗin ba. Ƙirar da ba ta cika shekara uku a ƙasar ba, bari masu kuɗin asara su fara gwada ta. Takardar garanti kuwa ka karanta ta ka ji wa zai zo gonarka, daga wane gari, cikin kwana nawa.

Ku masu ƙungiya, idan Allah Ya buɗa kuka tashi ƙara ta biyu, ku sayi irin ta farko, ko da an yi muku tayin wata mai rahusa. Filta ɗaya, taya ɗaya, bakanike ɗaya, kuma ranar da ɗaya ta kwanta ana iya aron kayanta a ceci ɗayar.

Kafin ka taka shagon dillali, fara zuwa garejin da ke gyaran tantan a yankinku, ka gaida babban bakanike da ladabi, ka ce, “Baba, wace iri ce ba ta kwana a wurinka?” Daga nan ka wuce layin masu kayan gyara, ka faɗi lambar taraktar da kake so, ka ce a ba ka kuloci da famfon ruwa da nozul. Idan mai shago ya juya ya ɗauko, je ka yi ciniki. Idan ya ce bari ya buga waya Legas, ka riƙe kuɗinka.